Lemon Fas da Gatarin Yaya Sale

Kun taso kuna jin ana cewa baffanku Sale ne ya sare itatuwan lemon kakanku don hassada. Haka ake faɗa a Toranke, haka ake faɗa a Gafasa. An taɓa ba ni labarin ma a cikin motar Gaya, mai ba da labarin bai san da ƙanin Salen yake magana ba, har da cewa ai irin wannan ɗa gara ɓarinsa. Na juya ina kallon taga. To, yau na gaji da kallon taga. Likita ya ce in rage gishiri, in rage tunani. Gishirin na rage, tunanin ne ya ƙi, shi ya sa na aika aka sayo mini wannan littafin rubutu. Sara dai ya yi, da gatarinsa, da hannunsa, ba wanda ya taya shi. Amma dalilin saran mu uku ne muka sani: ni, da shi, da mahaifiyarku Hajara. Su biyun sun riga mu gidan gaskiya. In na bi su da maganar nan a cikina, shi ke nan an binne ta.

Kakanku Malam Isa, wanda muke kira Baba, ɗan ɗariƙa ne na gaske. Ba shi da wani buri a duniya da ya wuce ya taka ƙafarsa a Fas, birnin nan na ƙasar Maroko da 'yan'uwa suke zuwa ziyara. Shekarar da wani attajirin Gaya, abokin karatunsa tun suna yara, ya ce ya shirya su tafi tare, a shekarar ne yanar ido ta fara rufe masa gani, ƙafa kuma ta riƙe. Ya ce shi ba zai je ya zame wa mutane kaya ba, sai dai a tafi da ɗansa. A ƙa'ida Yaya Sale ne zai tafi, shi ne babba. Amma rani ne, albasa tana garka, jigo kuwa ba ya jan kansa. Ni ina aikin malamin gona a ƙaramar hukuma, ina da hutu, ina da ɗan larabcin da nake taƙama da shi. Baba ya kira ni ɗakinsa.

Ya ce, "Haladu, kai za ka je ka gano mini. Ba na son hula, ba na son turare. Ka zo mini da abin da ya tsiro a ƙasar, wanda zan taɓa da hannuna."

Yaya Sale ne ya ɗaukar mini jaka har bakin titi. Bai ce mini komai ba sai Allah ya tsare hanya, ya juya ya koma garka.

Abin kunya ne dattijo ya faɗa, amma bayan ziyarar kanta, abin da ya fi zauna mini a rai daga Fas shi ne abin da ke shiga baki. An sauke mu a gidan wani dattijo mai kirki, gida mai tsakar gida da aka shafe da tangaran, ga ruwa yana ɓuɓɓugowa a tsakiya, ga bishiyar lemo a gefe. Kullum da safe sai a kawo mana ruwan lemo a kofin gilashi, yanzu aka matse shi, ba ruwa ba sukari. Ni da na saba da lemon da ake yanke wa kai a tsotsa a yar da ɓawo, na kurɓa na ce ashe dai ban taɓa shan lemo ba. In ka shiga kasuwa kuwa, ga amalanke nan jere an tula musu lemo kamar dalar gyaɗa. Mai shi zai raba shi biyu a gabanka, ya danna a wani ƙarfe mai mariƙi, ya miƙo maka. Lebura ya tsaya ya sha, mai kwat ya tsaya ya sha, tsohuwa da kwandonta ta tsaya ta sha. Jakuna suna kutsawa cikin lunguna da dammunan na'ana'a ɗanya shar ta shayi, da karas da ganyensa, da wani ɗanyen wake mai faɗi da a lokacin kowane gida shi ake dafawa. Uwargidan mai masaukinmu kullum sai an yi mata cefane sabo, na ranar kawai. Mu nan mun saba da shanya, kuka a buhu, kuɓewa a tulu, kauɗar tumatir a rataye. Su kuwa abin da ƙasa ta bayar a watan shi suke ci, in ya wuce su yi masa sallama sai baɗi. Wata rana na ce ina sha'awar kankana, dattijon ya yi ta dariya. Ya ce kankana sai zafi ya shigo, rumman da inabi sai kaka, yanzu zamanin lemo ne, in sha lemo in gode wa Allah.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan na yi wautar. Bishiyar nan ta tsakar gida tana ɗauke da fure da 'ya'ya a lokaci guda. Da safe matan gidan sukan shimfiɗa farin zane a gindinta, su tsince furen, su dafa shi a wata tukunyar tagulla, su tatsi wani ruwa mai ƙamshi da ake yayyafa wa baƙi a hannu, ake kuma sakawa a kayan zaƙi. Furen suke riritawa. 'Ya'yan kuwa, jajaye, manya, sai su faɗo a share su a kai juji. Ni malamin gona guda ina zaune ina kallo, ban tambayi dalili ba. Na ce a raina wadata ce ta yi musu yawa. An ce matambayi ba ya ɓata, to amma ku ma kun san mu, baƙo ba ya tambayar mai gida abin da ke cikin gidansa, balle abin ci, kada a ce kwaɗayi ya kawo shi. Ga larabcin nasu kamar ana suyar gyaɗa, nawa na littafi bai kama shi ba. Ranar da za mu taho na faki ido na tsinci guda uku da suka faɗo, na naɗe a rawani. Ban ɗanɗana ko ɗaya ba, don ina so in damƙa wa Baba su cif yadda suke. Hanya ta yi mana tsawo, kafin mu iso gida sun yi fumfuna. Sai ƙwayoyin kawai na cire na wanke.

Da na zuba wa Baba ƙwayoyin nan a tafin hannu, na ba shi labarin ruwan lemon da muke sha kowace safiya, na ce masa daga gidan da muka sauka na ɗebo. Ya daɗe yana shafa su da babban yatsa, ya sansana, hawaye suka zubo masa. Nan take ya yanke hukunci, a shuka su a garka, gefen rijiya. Wurin kuwa shi ne tsokar garkar, inda albasar Yaya Sale ta fi yin kai.

Yaya Sale ya ce, "Baba, wurin nan fa shi yake ci da gidan nan da rani."

Baba ya ce, "Albasa ana samu a Gaya. Wannan fa, a ina za ka samo mini?"

Ya kafa doka biyu. Ƙarfe ba zai taɓa su ba, kuma ran da suka haihu ba bakin da zai riga nasa. Na ɗan yi ƙoƙari, na ce Baba, lemon ƙwaya ba shi da tabbas, a aikinmu in ya tasa akan yanke shi daidai gwiwa a yi masa aure da reshen wanda aka san zaƙinsa. Ya ce ba a gyara wa albarka zama, yadda suka zo haka za su tsaya. Yaya Sale yana tsugune a wurin yana jinmu, yana tsaga kara da farce.

Guda bakwai suka rayu. Kada ku ɗauka ni na raine su. Ni ina kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan ina koya wa mutane noma, a gida kuwa Yaya Sale ne yake jan jigo yana ba su ruwa, ya yi musu shinge saboda awaki, ya kai musu taki a mangala. Shekara bakwai yana yi wa itatuwan da suka cinye masa wuri bauta, yana mita yana yi. Mutanen gari duk sun san ba ya son su, don bai taɓa ɓoyewa ba. Ni kuwa ana nuna ni ana cewa ga wanda ya kawo wa Toranke albarkar Fas, ina sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, a ciki ina jin daɗi.

A shekara ta bakwai suka yi fure. Lokacin idon Baba ya rufe gaba ɗaya, jiki ya yi rauni, ba ya wuce zaure. Na tsinko masa furen da ya faɗo ya sansana, wallahi ƙamshin tsakar gidan nan ne sak. Bayan kaka 'ya'yan suka ƙosa suka fara ja, a shekarar kuwa azumi ya faɗo daidai lokacin. Saura kwana uku a ga wata, zuciya ta ci ni. Na je garka da rana tsaka, sa'ad da Yaya ya koma gida, na karya dokar Baba na tsinki ɗaya. Na ɓare na kai baki. Innalillahi! Kamar an jiƙa maɗaci a ruwan tsamiya. Na tofar, na ce wataƙila wannan bishiyar ce. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har bakwai, harshena ya mutu, haƙorana suka mutu. A gindin ta bakwai na zauna daɓas, sai ga farin zanen nan da tsintsiyar nan sun dawo mini a ido. Ashe bishiyar fure ce. Lemon sha daga kasuwa suke sayowa, ni kuma abin da suke kaiwa juji na ɗauko na ƙetaro da shi ƙasashe.

Ranar ɗaya ga azumi da hantsi Baba ya kira ni, fuskarsa kamar ta yaron da aka ɗinka wa kayan Sallah.

Ya ce, "Haladu, yau da Fas zan buɗe baki."

Da na san abin da na sani yau, da a nan na durƙusa na faɗa masa. Kwana biyu zai yi yana baƙin ciki, a yi mini dariya a gari wata guda, shi ke nan. Amma na dubi tsohon da ya yi shekara bakwai yana ƙirga damina, na kuma dubi kaina, malamin gonar da za a ce bai san lemon sha da na ɗaci ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na biyun ya fi yi mini nauyi. Na hau babur na tafi kasuwar Gaya, na zaɓo lemon zaƙi irin wanda ake kawowa daga kudu, na ɓoye a jakar aiki. Na shiga madafa na tarar da mahaifiyarku, na gaya mata komai. Ta ajiye muciya ta dube ni.

Ta ce, "Malam, cikin azumi? Kuma Baba? Ramin ƙarya fa ƙurarre ne."

Na ce, "Na yau kawai, Hajara. Gobe zan san yadda zan yi."

Ta ce, "Zan matse, don kai ka sa ni. Amma ba da hannuna za a miƙa masa ba."

Ni na miƙa masa. Ya yi bismilla ya kurɓa, ya riƙe a baki ya daɗe bai haɗiye ba. Sa'an nan ya ɗaga hannu yana hamdala. Ya ce a kira masa Sale.

"Sale, zo ka kurɓa. Guminka ne. Yanzu ka ga abin da ya fi albasa?"

Yaya ya karɓi kofin ya kurɓa. Ta saman bakin kofin ya ɗago ido ya kalle ni, kallo ɗaya, ya mayar wa Baba ya ce ma sha Allah.

Goben da na ce ba ta zo ba. Kwana goma sha ɗaya ina zaryar Gaya, Hajara tana matsewa tana binne ɓawon a toka. Ina azumi ina ƙarya, in na tsaya salla ban san raka'a nawa na yi ba. Baba kuwa har ƙarfi ya fara ji, yana cewa lemon ne. Ranar Litinin sai ya tara mu a zaure, ya ce rowa ce mutum ya sha albarka shi kaɗai. Ranar Juma'a mai zuwa, zikirin da 'yan'uwa suke yi bayan la'asar ba a zaure za a yi shi ba, a garka za a yi, ƙarƙashin itatuwan. Za a ɗora shi a jaki a kai shi. In rana ta faɗi kowa ya miƙa hannu ya tsinki nasa ya buɗe baki, shi ma da hannunsa zai tsinka. Kafin in buɗe baki ya riga ya aika Gafasa, ya aika Balan, ya aika wa attajirin nan na Gaya da ya kai ni.

Ranar Alhamis da azahar na je garka, ni kaina ban san abin da na je yi ba. Na tarar da Yaya Sale yana jan jigo. Bai juyo ba.

Ya ce, "Malamin gona, zo ka koya mini wani abu. Wace irin bishiya ce ake shan 'ya'yanta kwana goma sha ɗaya ba ta ragu da ɗaya ba?"

Na tsuguna a bakin rijiya.

Ya ce, "Ni nake ba su ruwa, na san kowane ɗa a inda yake. Bakwai suka ɓace kafin azumi, daga nan ko ɗaya. Shekaranjiya bayan shan ruwa na ɗanɗana. Har yanzu bakina bai dawo daidai ba."

Na ce, "Yaya, ka rufa mini asiri. Mu tsinke su yau, mu ce ɓarayi ne suka shiga."

Sai a lokacin ya saki igiyar jigon ya juyo. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"A ɗora wa mutanen gari sata cikin azumi? Wa za a nuna, maƙwabcinmu? Kuma baɗi fa, in suka sake haihuwa, ɓarayin za su dawo? Haladu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka shiga yau ka faɗa masa, tun yana shi kaɗai. Kada ka bari ya ji ɗacin nan a gaban mutanen da ya gayyato."

Na rantse masa zan faɗa. Da aka kira magariba na shiga da kofin a hannu, da niyyar in ajiye in yi magana. Baba ya karɓa ya sha, ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce shi kam duk abin da ya roƙi Allah ya ba shi, bai je Fas ba amma Fas ta zo masa har ɗaki, gobe kuma 'yan'uwa za su shaida. Ya yi ta sa mini albarka, yana yi ina cewa amin. Na fito da kofin ba komai a ciki. Yaya yana zaune a dakalin ƙofar zaure. Ya dubi fuskata, ya dubi kofin, ya tashi ya tafi.

Da aka sallame asuba na waiga sahu ban gan shi ba. Raina ya ba ni garka ya nufa, amma na koma ɗaki na zauna kamar wanda aka ɗaure. Da hantsi sai ga hayaniya a ƙofar gida. Na ruga garka. Duk bakwai ɗin suna kwance. 'Ya'yan kuwa ko ɗaya babu, ya tsinke su ya yi jigilarsu a mangala ya zuba a tsohuwar rijiyar da ta rufta, ya bi da ƙasa. Yana tsaye da gatari, da azumi a bakinsa, ƙayar lemon ta tsattsage masa hannuwa jini har gwiwar hannu. Mutane sun taru suna salati. Wani dattijo yana cewa wannan ba hankali ba ne, a duba shi.

Aka kai shi gaban Baba. Zauren ya cika, waɗansu baƙin ma sun fara isowa. Baba yana zaune a kan buzunsa, carbi a hannu. Abin da kowa yake tsoro a wurin ɗaya ne, kada tsohon ya yi masa baki. Kun san abin da bakin uba yake nufi a wurinmu, mutum ya gwammace a ce gidansa ya ƙone.

Baba ya ce, "Sale, kai ne?"

Ya ce, "Ni ne, Baba."

"Me suka yi maka?"

Yaya ya yi shiru kaɗan. Ina tsugune kusa da shi har ina jin numfashinsa. Na san wannan shirun nawa ne, ni ya bar wa. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Na dubi attajirin Gaya yana shigowa da babbar riga, na dubi mutanen da nake koya wa noma, na mayar da bakina na rufe.

Yaya ya ce, "Wurin albasata nake so, Baba. Na gaji."

Ya zaɓi dalilin da kowa zai yarda da shi, aka kuwa yarda. Baba ya ɗaga hannu, mata suna kuka a bayan katanga. Hannun ya daɗe a sama. Sa'an nan ya sauke shi a hankali.

Ya ce, "Ba zan yi maka baki ba, don ruwan da ka ba su. Amma ka tashi. Kada in ƙara jin muryarka a ɗakina. Buzun nan da carbin nan, da garkar, bayan raina na Haladu ne. Ku shaida."

Suka shaida. Yaya ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, ya tashi ya fita.

Washegari na kasa zama, na nufi ɗakin Baba da niyyar ko me za a yi a yi. Yaya ya tare ni a soro, hannuwansa naɗe da tsumma.

Ya ce, "Ina za ka?"

Na ce, "Zan faɗa masa, Yaya. Ba zan iya ba."

Ya ce, "Jiya ne ranar faɗa, ta wuce. In ka faɗa yau, na sare su a banza ke nan. Yanzu abin da ya sani shi ne ya sha Fas kwana goma sha biyu, kuma yana da ɗa ɗaya mara kirki. In ka yi magana, bai sha komai ba, kuma 'ya'yan nasa biyu sun yi wasa da makantarsa. Bar shi ya tafi da zaƙinsa. Bayan ransa ka gaya wa mutane, ba don ni ba, don yarana."

Na ce na yi alkawari.

Baba bai ga damina ba. Wata huɗu ya ƙara, kuma duk wata huɗun nan kullum da safe Yaya zai zo ƙofar ɗakin ya durƙusa, ba ya magana tun da an hana shi, ya ɗan jima ya tashi. Baba yana jin takunsa, ya sani, bai taɓa cewa shigo ba. Haka ya cika. Ranar sadakar uku aka ɗauko buzu da carbi aka miƙa mini a gaban jama'a. Ranar ce ranar cika alkawarina, ga mutane a tare, ga Yaya a can ƙarshen tabarma. Na ce a raina ba a tayar da magana a zaman makoki, sai an yi arba'in. Aka yi arba'in na ce sai an raba gado. Aka raba gado na ce ai magana ta kwanta, tayar da ita tonon silili ne. Kun ga yadda ake yi, ba rana ɗaya mutum yake zama matsoraci ba.

Da ruwa ya sauka kututturan nan bakwai suka yi toho. A ranar na lura da abin da ban lura da shi ba. Mai son wurin albasa daga ƙasa yake sara, ya tone saiwa. Yaya kuwa duk daidai gwiwa ya yanke su, bai ƙara bai rage ba, yadda ya ji na gaya wa Baba shekara bakwai da suka wuce yana tsugune yana tsaga kara. Na samo rassan lemon zaƙi na yi musu aure, duka suka kama, don ashe ba gindin da ya kai na ɗacin ƙarfi. Lemon da kuka taso kuna sha, wanda nake matse muku da safe a kofin gilashi ina ba ku labarin amalanken Fas, shi ne wannan. Mutane suka ce albarka ce ta ƙi mutuwa duk da hassada, aka ƙara girmama ni, aka ƙara zaginsa. 'Ya'yansa suka taso ana nuna su. Ɗansa na fari, Isa, mai sunan Baba, har ya bar zuwa ɗaurin aure a unguwarmu. Shekara ashirin da wani abu Yaya bai taɓa tuna mini alkawarina ba, ko da ido. Mahaifiyarku ce take tuna mini, duk shekara in an ga watan azumi, har ta rasu.

Bara da ciwon ajali ya kwantar da Yaya Sale, na tsinko lemo a garka na matse da hannuna na kai masa. Ba kowa a ɗakin. Na tallafo kansa ya kurɓa, ya ɗan yi murmushi.

Ya ce, "Malamin gona, wannan na Fas ne ko na Gaya?"

Na fashe da kuka, tsoho da ni. Na ce Yaya ka yafe mini, bari in kira yaranka yanzu in faɗa musu. Ya ce shi ya yafe tun ranar, amma in bari sai ya ɗan ji sauƙi, ya zauna sosai, don yana so ya ga fuskar Isa in ana faɗa. Na ji daɗin wannan jinkirin, Allah ya yafe mini, na ji daɗinsa. Kwana biyu tsakani ya rasu.

To, ga abin da nake so ku yi, kuma ba bayan raina ba, don na ga abin da bayan rai yake jawowa. Na aika Gafasa, na aika Balan, na ce ranar Juma'ar nan zikiri a garka za a yi. Ku ɗauko buzun da carbin daga ɗakina, ku je da kanku ku taho da Isa da ƙannensa. A gindin bishiyar da ke kusa da rijiya akwai wani reshe da ya fito ta ƙasan wurin auren, na hana a cire shi shekaru uku, bana ya yi 'ya'ya huɗu. In rana ta faɗi zan tsinki ɗaya in ɓare in ci a gaban kowa, in miƙa wa dattawa su ɗanɗana, sa'an nan in yi magana. In kuka ga na buɗe baki na fara waige-waige, kada ku jira ni. Babbanku ya miƙe ya karanta wannan, tun daga farko.